Wai barkono ya huda maƙogwaron wani mutum: don Allah wa ya san gaskiyar labarin nan?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. Jiya da daddare aka turo wani saƙo a zauren danginmu, an rubuta da manyan baƙaƙe wai "BARKONO YA ƘONA MAƘOGWARON WANI MUTUM HAR YA HUDA SHI", ga hoton mutum kwance da robobi a hanci, a ƙasa kuma an ce a tura wa duk wanda ake ƙauna. Surukata ta gani, yau da safe ta sa an kwashe attaruhun da na jajjaga an zubar, ta ce ba za a kashe mata jikoki ba. Ban ji haushinta ba wallahi, don ni ma hankalina ya tashi. Khalifa shekararsa 11, kuma ba ya cin awara sai ta yi jajir da yaji. Gaskiya ne barkono yana huda cikin mutum?

Baban Sadiq Mai Tsire: Wa alaikumus salam. Hajiya ki kwantar da hankalinki, ƙarya ce tsagwaronta. Shekarata 22 a bakin tukuba, yaji nake shaƙa safe da yamma, ban taɓa ganin wanda ya huda ba. Masu neman a danna musu shafi ne kawai.

Anti Nas: Wa alaikumus salam Maman Khalifa. Baban Sadiq ka yi haƙuri, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, abin da ya sa labarin yake da wuyar kashewa ke nan. Abin ya faru, amma ba yadda aka rubuta ba. Tsohon labari ne, a shekarar 2016 wasu likitoci a San Francisco ta Amurka suka wallafa shi a mujallar likitocin gaggawa. Mutumin ɗan shekara 47 ne, ya shiga gasar cin abinci, aka ba shi burodi da nama an shafe da markaɗaɗɗen wani barkono ɗan asalin arewa maso gabashin Indiya da ake kira bhut jolokia. Yana gamawa sai amai ya kece masa, yana ta kakari ba ƙaƙƙautawa. Ƙarfin kakarin nan ne ya yaga ƙasan bututun da abinci ke bi zuwa ciki, tsagar ta kai santimita 2 da rabi. Aka yi masa tiyata, ya kwana 23 a asibiti, ya fita da ransa.

Ki lura da wurin da aka murɗe maganar. Barkonon bai ƙona naman ba, bai cinye shi kamar ruwan batir ba. Amai ne ya yaga shi. Wannan yagewar tana da suna a littattafanmu tun ƙarni na 18, ana ce mata ciwon Boerhaave, kuma duk abin da zai sa mutum kakarin amai mai tsanani yana iya jawo ta.

Baban Sadiq Mai Tsire: To ai maganata ce ta fito Anti. Ba barkono ba ne.

Anti Nas: A'a Baban Sadiq. Me ya sa shi aman? Da bai ci ba da bai kwanta ba. Abin da nake cewa shi ne akwai bambanci tsakanin "barkono yana huda maƙogwaro" da "mutum ya ɗirka wa kansa abin da jikinsa ya kasa ɗauka har ya yi aman da ya yaga shi". Na farko yana sa tsohuwa ta zubar da kayan miya. Na biyu yana sa uwa ta ja wa ɗanta kunne a kan gasa.

Malam Na Zariya: Bari in sa baki ta fannin da na ɗan karanta. Abin da ke sa barkono yaji wani sinadari ne da ake kira kafsaisin. A bakinmu da fatarmu akwai jijiyoyi masu wata 'yar ƙofa da Allah ya yi domin ta sanar da ƙwaƙwalwa cewa abu ya yi zafi, tana buɗewa ne idan zafi ya kai wajen digiri 43 a ma'aunin Salshiyos. Kafsaisin yana zuwa ya buɗe wannan ƙofar ba tare da wuta ba. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka baki yana ƙonewa, ta saki gumi da hawaye da majina, alhali naman bai ƙone ba. David Julius ne da abokan aikinsa suka gano ƙofar a 1997, kuma aikin na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2021. Tsuntsaye ma ba sa jin yajin, shi ya sa kaza ke tsattsagar barkonon da aka shanya hankalinta kwance.

Amma kada a ce tunda ba wuta ba ce to ba komai. Jiki yana mayar da martani da gaske: bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, ciki ya murɗa, amai ya taso. A miyar gida martanin ɗan kaɗan ne, ya wuce. A abin da ake yi wa gasa kuwa wani zance ne daban.

Ummu Hanan: Malam, wane irin barkono ne wannan da ya fi attaruhunmu? Ni na ɗauka attaruhu ne ƙarshe.

Malam Na Zariya: Akwai ma'auni, Ummu Hanan. Wani mai haɗa magunguna a Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro shi a 1912. Dangin attaruhunmu suna tsakanin 100,000 zuwa 350,000 a ma'aunin. Bhut jolokia da Anti ta ambata ya ɗan haura miliyan 1. Carolina Reaper ya kai wajen miliyan 1 da dubu 600. Wanda ya karɓe kambun barkono mafi yaji a duniya a kundin bajinta na Guinness a 2023, Pepper X, ya kusa miliyan 2 da dubu 700. Na ƙarshen biyun nan mutum ɗaya ne ya yi ta auratayyar irinsu shekara da shekaru, Ed Currie, a jihar Carolina ta Kudu. Ba don miya aka yi su ba, don suna da gasa aka yi su. Sannan ki tuna ke attaruhu huɗu ko biyar kike jefawa a tukunyar da mutum goma za su ci, ga mai ga tumatir ga tuwo. Su kuma guda sukutum ake taunawa ciki ba komai, kuma sharaɗin gasar kada ka sha ruwa.

Ɗan Boston: Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban yi magana ba, amma wannan ya taɓa ni don a jihar da nake zaune ya faru. Baban Sadiq, da girmamawa, ka daina cewa ƙarya ce kawai, domin akwai wanda ya rasa ransa. Ranar 1 ga Satumban 2023 wani yaro ɗan shekara 14 a garin Worcester da ke Massachusetts ya ci wani soyayyen abu ƙwaya ɗaya tak na kamfanin Paqui. Ana sayar da shi ne a kwali mai siffar akwatin gawa, an barbaɗe shi da Carolina Reaper da wani wai shi Naga Viper, ana cewa ka ci ka ɗauki bidiyo a ga tsawon lokacin da za ka jure. Ya ci a makaranta, cikinsa ya murɗa, aka kai shi gida, daga baya ya faɗi, ya rasu a ranar. Kwanaki kaɗan kamfanin ya janye kayan daga shaguna. Ina da 'ya'ya sa'anninsa, kuma sun san gasar kafin ni in san ta. Makon da abin ya faru ban yi barcin kirki ba.

Maman Khalifa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba iyayensa haƙuri. To Anti kin gani, ashe yana kisa.

Anti Nas: Amin. Ki tsaya ki ji sauran, ƙanwata. Sakamakon binciken gawar bai fito ba sai a watan Mayun 2024. Ya ce zuciyarsa ta tsaya ne bayan ya ci abu mai kafsaisin da yawan gaske, sannan ya ƙara da cewa yaron yana da zuciya mai girma fiye da ƙima, kuma ɗaya daga manyan jijiyoyin da ke shayar da zuciyar ta ratsa ta cikin naman zuciyar maimakon ta bi ta samanta, abin da ake haihuwar mutum da shi. Abu biyu ne suka haɗu.

Sai jaridu suka rabu. Wasu suka ɗauki rabin farko suka ce yaji ya kashe yaro. Wasu suka ɗauki rabi na biyu suka ce ashe dama ciwon zuciya gare shi. Ni duka biyun suna ɓata min rai, amma na biyun ya fi, saboda yana sa mutum ya ce to ni lafiyata ƙalau, bari in gwada. Wa ya san abin da ke cikin ƙirjinsa? Mutane da yawa suna yawo da irin wannan jijiyar har tsufa ba su sani ba. Yara nawa ne a cikinmu aka taɓa yi wa hoton zuciya?

Tsohon Ɗan Jarida: Hajiya Anti, na yarda da ke a kan lafiya, amma bari in faɗi yadda abin yake daga ciki, don na yi shekaru a ɗakin labarai. Sau da yawa wanda ya rubuta labari ba shi ke sa masa kai ba. Wakili zai kawo rahoto da duk sharuɗɗansa, "mai yiwuwa", "a cewar likitoci", "mutum ɗaya ne". Edita yana da gurbin kalma bakwai ko takwas. Kalmomin da ake fara yankewa su ne waɗannan na taka-tsantsan, don su ne ba sa jan ido. Da labari ya koma intanet abin ya ƙara lalacewa, saboda ana ƙirga mutum nawa suka danna, kuma da wannan ƙirgen ake samun talla. Sai kuma mataki na uku, wanda ya fi shafarmu: wani ya ga kan labarin da Turanci, bai buɗe ba, ya juya shi zuwa Hausa, ya ƙara "Innalillahi" da hoton da ya tsinto wani wuri. Ina da yaƙinin hoton da Maman Khalifa ta gani ba na mutumin ba ne.

Amma ina da ja a wuri guda. Da an rubuta kan labarin yaron nan da duk bayanan likita, mutum nawa za su karanta? Kan labari mai firgitarwa ne ya sa iyaye suka farga, ya sa kamfanin ya janye kayan cikin mako guda. Wani lokacin ihu yana da rana.

Anti Nas: Ranka ya daɗe, ban ƙi ihu ba, amma a yi shi a kan ɓarawon gaskiya. "Yaro ya rasu bayan gasar cin abu mai tsananin yaji" gajere ne, yana firgitarwa, kuma gaskiya ne. Kalmar gasa ce ake cirewa, ita ce kuma take ɗauke da haɗarin.

Tsohon Ɗan Jarida: Wannan kan labarin naki zan buga shi ba tare da na taɓa shi ba. Sai dai har yanzu ina ganin kina raina yadda mutane ke wuce labarin da bai girgiza su ba. Mu bar shi a nan.

Amaryar Odense: Ni ma ga nawa daga Denmark. A watan Yunin 2024 hukumar kula da abinci ta nan ta sa a janye taliyar Koriya ta Kudu mai suna Buldak, ta kamfanin Samyang. 'Yan uwa daga gida suka yi ta kirana, wai sun ji an haramta taliyar yara a Turai saboda guba. Gaskiyar ita ce kala uku ne kawai cikin kayan kamfanin, kuma dalilin da hukumar ta bayar shi ne yawan kafsaisin da ke cikin ƙunshi ɗaya, musamman ga yara da masu rauni, don an ga yara suna gasa da irin waɗannan abubuwan. Bayan wata guda aka sake aunawa, aka mayar da kala biyu kasuwa, aka bar mafi yajin a janye. Labarin janyewar ya zaga duniya. Labarin mayarwar ko mutum ɗaya bai kira ni a kansa ba.

Baban Sadiq Mai Tsire: To na ji, na kuma janye kalmar ƙarya, Allah ya ba iyayen yaron dangana. Amma ku ma ku faɗi ɗaya ɓangaren. Ni na ji a rediyo an ce bincike ya tabbatar mai cin barkono ya fi tsawon rai. Me ya sa ba a yaɗa wannan?

Malam Na Zariya: An yaɗa shi sosai Baban Sadiq, kuma ciwonsa ɗaya da na farkon. Binciken na nan. A ƙasar Sin aka bi mutum kusan rabin miliyan na wasu shekaru, aka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ a 2015. An ga masu cin abinci mai yaji kwana 6 ko 7 a mako mutuwa a cikinsu ta yi ƙasa da kashi 14 cikin 100 idan aka gwada da waɗanda ba sa ci ko sau ɗaya a mako. A Italiya ma an yi makamancinsa a 2019 da mutum sama da 22,000. Amma masu binciken da bakinsu suka ce ba su tabbatar barkonon ne sanadi ba. Ka yi tunani: wa ke fara barin yaji a gida? Marar lafiya. In ka ƙirga bayan shekaru ka ga marasa cin yaji sun fi mutuwa, yana iya zama ciwon ne ya raba su da yajin tun farko. An yi ƙoƙarin cire irin wannan a lissafi, amma ba a iya cire shi duka. "An ga alaƙa" shi ne abin da aka samu. "Ya tabbatar" rediyo ce ta ƙara, kuma tsawon rai na Allah ne.

Yaya Hauwa: Ku bar ni in faɗi abin da ya ci min rai shekara da shekaru, don duk wannan maganar a kansa take ƙarewa a gidajenmu. Mahaifiyata ta yi shekara shida tana fama da abin da kowa ke ce wa olsa. Kowa ya zo dubiya maganarsa ɗaya, a hana ta yaji. Muka hana ta. Matar da ba ta iya cin tuwo sai da yajin daddawa ta koma cin miya salam kamar ta jinya, tana ramewa. Duk wannan lokacin kuma kullum sai ta sha maganin ciwon gwiwa da ake sayo mata a wani kemis na unguwa, irin haɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna ba takarda. Ba wanda ya taɓa tambayar wannan. Sai ranar da bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta, jiri ya kwashe ta, muka kwasa sai asibiti. Likita ya ce gyambon yana zubar da jini. Tambayarsa ta farko ita ce wane maganin ciwon jiki take sha. Aka yi gwaji kuma aka samu ƙwayar cuta a cikinta. Mako biyu ta yi tana shan magani, aka raba ta da haɗin kemis. Yau tana cin yajinta daidai misali. Shekara shida muna gadin ƙofar da ɓarawo bai taɓa bi ba. Har yanzu in na tuna sai na yi kuka.

Anti Nas: Allah ya ƙara wa Mama lafiya, Yaya Hauwa. Abin da kika faɗa kullum muna ganinsa. Manyan abubuwa biyu ne ke kawo gyambon ciki: ƙwayar cutar da ake kira H. pylori, da yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen, diclofenac, piroxicam da asfirin. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ƙwayar a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, ya kamu da kumburin ciki, aka gani da ido. An ba su Nobel a 2005. Barkono ba ya haƙa gyambo. Abin da yake yi shi ne, in akwai ciwo a ƙasa, ko ƙwannafi, ko basir, wasu yana tayar musu da raɗaɗin. Wanda ya ga yana dama masa ciki ya rage, wannan hankali ne. Amma rage yaji ba ya kashe ƙwayar cuta. Ana gwada ta da bayan gida ko da numfashi, kuma tana jin magani in an sha shi cikakke yadda likita ya rubuta.

Ummu Hanan: Anti, to in yaro ya riga ya ci abu mai mugun yaji fa, me za a yi kafin a kai ga asibiti?

Anti Nas: A ba shi madara ko nono ko kindirmo, yana kurɓa a hankali. Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ruwa ke yaɗa shi a baki kawai, amma maiƙo da sinadarin da ke cikin madara suna ɗauke shi. Kada a ɗura masa ruwa kofi-kofi, kuma don Allah kada a sa masa yatsa a maƙogwaro wai ya amayar, kin ji abin da amai ya yi wa mutumin can. A wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido. In raɗaɗin baki ne da hawaye kawai, zai lafa da kansa. Amma in ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko an ga jini, ko ya suma, ko wani ciwon kai ya sare shi farat ɗaya kamar an buga masa guduma, ba jira. Wannan na ciwon kan ma an rubuta shi: a 2018 likitoci a jihar New York suka ba da rahoton wani ɗan shekara 34 da ya ci Carolina Reaper a gasa, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa suka tsuke. Bayan mako biyar aka sake hoto aka ga sun koma daidai. Mai asma ma a kula da shi wurin da ake daka ko soya barkono, don shaƙarsa tana tayar da tari.

Ɗan Boston: Abin da zan ƙara wa iyaye shi ne a duba wayoyin yara. A jikin kwalin can an rubuta cewa na manya ne, a nisanta shi daga yara, amma yara ne suka fi saye. A Tokyo ma a watan Yulin 2024 an kai ɗaliban sakandare 14 asibiti bayan sun raba wani soyayyen dankali mai bhut jolokia wanda aka rubuta ƙarara ba na 'yan ƙasa da 18 ba ne. Rubutun gargaɗin kansa shi ke jan su. Kuma bidiyon da yarana ke gani shi yaran Kano da Maraɗi ke gani.

Baban Sadiq Mai Tsire: Wannan kam gaskiya ne. Kwanaki wasu samari suka zo wurina suka ce in zuba musu yaji zalla a takarda, za su yi caca a kan wanda zai shanye ba ruwa, ɗaya yana riƙe da waya. Na ba su don ban ɗauke shi komai ba. In sun dawo ba zan bayar ba.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Hajiya bayanin Anti da na Yaya Hauwa. Ta yi shiru, sai ta aiki Khalifa ɗakinta ya ɗauko wata leda. Ashe ita ma wata uku ke nan tana shan haɗin ciwon baya, kuma ta ce cikinta na mata zafi da dare. Anti, in na turo miki hoton ƙwayoyin ta akwatin sirri za ki iya gane su?

Anti Nas: Turo in gani, amma ƙwayar da ba ta cikin kwalinta ba a rantsuwa a kanta. Ta dakata da shan su daga yau, gobe da safe ku tafi asibiti da ledar gaba ɗaya ku nuna wa likita, ku kuma gaya masa zafin da take ji da dare. Ki tambaye ta launin bayan gidanta yanzu. In baƙi ne kada ku jira goben.